Hoton Babanmu da Na Je Nema Maraɗi

Tafiyar nan ta ba ni wahala, kuma ba ta biya buƙata ba. Tun da na dawo, duk wanda ya biyo ta gaban shagon waldana a unguwar Nasarawa Gwom, nan Jos, sai ya ja birki: “Oga Sale, yaya Nijar? Ina tsaraba?” Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don ba kowa ya sani ba. Babanmu Audu Hedima shi ne shugaban leburori a wani kamfanin kuza a Naraguta, har aikin kuzar ya mutu. Ina ƙarami wata Baturiya ta zo gidanmu da rikoda. Kwana uku tana zuwa tana tambayarsa yadda ake shiga rami, wa ƙasa ta rufta wa, wa ya karye. Inna har gwaten acca ta yi mata. Ranar ƙarshe ta kai shi bakin kududdufin da suka haƙa, ta ɗauke shi hoto, ta tafi. Ba mu sake jin labarinta ba. Baba ya rasu. Bayan shekaru aka yi rikici, gidanmu ya ƙone, muka koma unguwar Ali Kazaure da kayan jikinmu. Hotunansa biyu ne dama, na katin aiki da na ranar sunan ƙanwata, duka suka tafi a wutar. Yau ko ni in na rufe ido hularsa nake gani da hannuwansa. Fuskar ba ta zuwa.

Bara wani malamin jami'a ya ba ni aikin ƙofar gida. Muna hira na ambaci sunan Baba, sai ya tsaya yana kallona. Ya ce ya taɓa zuwa taro a ƙasar waje, ya buɗe wani littafi kan masu haƙar kuza na Jos, ya ga wannan sunan ƙarƙashin hoton wani mutum a bakin ruwa. Ashe Baturiyar sai da ta tsufa ta rubuta littafin. Ya ce na takarda ya ƙare tuntuni, ba a sake bugawa ba, amma akwai wanda ake saya a karanta a cikin waya. Ya nemo ya nuna min. Shafukan farko kyauta ne, kuma a cikin jerin hotuna ga sunan Baba nan, na karanta da idona. Ya ce in bar masa, zai yi magana da wani abokinsa a can. Na gama masa ƙofa. Daga baya in na kira ba ya ɗauka.

Kuskurena shi ne na gaya wa Inna. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba aikin da zai dawo da shi, abin da ya rage watanni ne. Da ta ji labarin hoton sai ta ce, “Ka kawo min in ga babanku kafin wannan ma ya rufe.” Daga ranar, duk safiya in na durƙusa gaishe ta, kafin ta amsa sai ta ce, “An samu?”

Na je wurin Madam Bose, mai shagon kwamfuta kusa da ƙofar jami'a. Ta buɗe, ta danna, wani rubutu ya fito. Ta sake dannawa, ya sake fitowa.

“Oga Sale, shi ya ce ba ya sayar wa Najeriya.”

“Kuɗina ne bai kai ba?”

“Kuɗi ya kai. Ƙasa ne matsala.”

“To ki ce masa zan ƙara.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Wa zan gaya wa? Ba mutum a ciki o.”

Ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Akwai wata dabara da ake yi kwamfuta ta nuna kamar a wata ƙasa take, ta yi, amma da aka zo biya katin bankina ya tona mana asiri. Ta duba wuraren da ɗalibai ke samun littattafan sata, babu. Ta ce, “Ko ɓarawo bai damu da littafin kuza ba.” Ni shekara talatin ina sana'a, ko lokacin da garin nan ya rabu biyu ban taɓa tambayar mai sayen ƙofa daga wace unguwa ya fito ba. Ga mai kaya, ga mai kuɗi, an ce ba ciniki. Abin ya ƙi shiga kaina.

Ɗanjuma direban tirela ne ya kawo shawarar Nijar, a majalisarmu ta bayan la'asar. Ya ce, “Kai ma dai Sale. Ai ƙasarka aka ce ba a sayar wa. Fita daga ƙasar mana. Ni da na wuce Jibiya wayata take turo min saƙon barka da zuwa Nijar. Waya ta san inda ƙafarka take.” Duk majalisa aka ce gaskiya ne. Na koma na tambayi Madam Bose, ta ɗaga kafaɗa ta ce, “Ban sani ba o, ban taɓa gwadawa ba.” Ba ta ce a'a ba. Wannan na riƙe. Na rufe shago, Ɗanjuma ya ba ni lambar mai masaukinsa a Maraɗi, na kama hanya.

Motar Kano na shiga da sassafe. An cika bayanta da buhunan kabeji har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mai ƙiba, ya ci rabin kujerata, kuma tun daga Jos har Saminaka yana waya yana faɗa da wani a kan taya. Mun shiga dajin Falgore salansar mota, bututun hayaƙin nan, ta faɗi tana jan ƙasa. Direba ya fito yana zagaya mota yana salati. Wurin ba wurin tsayawa ba ne, kowa ya sani. Na ce a ba ni wayar ɗauri ko ƙarfen rataye kaya. Na kwanta ƙarƙashin mota da farar rigata na ɗaure ta. Na fito baƙi ƙirin, hannu ya ƙone, mai ƙiban ya dube ni ya ce, “Malam ka matsa kar ka shafa min.” Ko sannu.

A Kano ban tsaya ba, na sauya mota zuwa Katsina. Nan na kwana a masallacin tasha, jakata ƙarƙashin kai. Abin da na ci ranar duka shinkafa da wake ce, man da ke kai kamar an ɗiga da allura. Zafi kuwa tun daga Kano ya fara gaya min ba gida nake ba. Ni da na ɗauko rigar sanyi da hular sanyi, saboda mutumin Jos ba ya yarda akwai garin da ba a buƙatarsu. Har na dawo kaya ne kawai a kafaɗata.

Washegari Jibiya, sai boda. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangarensu wani jami'i siriri ya karɓi katin shaidata ya juya shi gaba da baya.

“Mi za ka yi Maraɗi?”

“Littafi zan saya.”

“Littahi? Guda nawa? Kwali nawa?”

“Guda ɗaya. A cikin waya yake.”

“Wace waya?”

Na nuna masa ta hannuna. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji. Na sake bayani daga farko. Na biyun ya ce, “Kenan littahin yana cikin aljihunka, ka baro Jos ka zo nan ka saye shi cikin aljihunka?” Na ce haka ne. Suka yi dariya har ɗayan ya dafa tebur. Da na ambaci Inna da idonta suka daina. Siririn ya miƙo min katina ya ce Allah ya sa a dace. Sai dai ba ni da katin allurar rigakafin ciwon shawara, ban san ana nema ba, Ɗanjuma bai faɗa ba. Aka kai ni wani ɗaki aka yi min nan take. Kafin mu isa Maraɗi dantsena ya kumbura, jikina ya yi zafi.

A cikin mota wayar na hannuna, ina kallonta kamar mai jiran haihuwa. Mun wuce Ɗan Isa kaɗan ta yi ƙara. Saƙon da Ɗanjuma ya faɗa ne. Wallahi na ji daɗi, har na ce wa na kusa da ni, “Ta gane.” Bai san me nake nufi ba, ya ce madalla.

Mai masaukin, Alhaji Rabe, dillalin albasa ne a bakin kasuwa. Mutumin kirki. Ya ba ni ɗaki a zaurensa da tabarma da randar ruwa, bai tambaye ni kwana nawa zan yi ba. Gaisuwarsu doguwa ce. Mu a Jos “yaya dai” ne a wuce, su sai an tambayi gida, gajiya, zafi, iyali, a sake komawa kan gajiya, hannunka yana cikin nasu. Kowa ya ji daga Jos nake tambaya biyu yake yi: da gaske ruwa yana ƙanƙara a garinku, kuma har yanzu kuna faɗa? Acaɓa kabu-kabu suke ce mata. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya yanka min dasashi. Shayi kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar magani, sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Amma furarsu da dambun zogale, gaskiya mu ba mu iya ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rana na take tsaka sai a rufe shaguna a kwanta, sai la'asar. Ni ina sauri, gari yana barci. Bayan kwana biyu a zafin nan na daina ganin laifinsu.

Na sayi layinsu na sa a waya. A bakin rumfar mai layin na buɗe littafin, na yi bisimilla, na danna. Rubutun nan dai ya fito. Na kashe wayar na kunna. Na je tsakiyar kasuwa na gwada. Har bayan gari na sa ɗan kabu-kabu ya kai ni ta arewa, wai ko na yi kusa da Najeriya da yawa. Kar ku yi dariya, in kai ne ma za ka gwada.

Alhaji Rabe ya ga na kasa cin abinci, ya kai ni wurin wani maƙwabcinsa, Mushe Lawali. Mushe shi ne malamin makaranta a wurinsu. Ya yi ritaya, yana da ɗan shagon littattafan 'yan makaranta da injin kwafi. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya gwada da kwamfutarsa, da sunansa, da katin bankinsu na can. Rubutun ya fito, wannan karon da Faransanci. Ya daɗe yana bincike yana motsa baki, sannan ya cire tabarau.

“Malam Sale, wa ya ce ka zo nan?”

“Abokina.”

“Abokinka direba ne ko?”

“Direba ne.”

“To. Wanga littahi ba Najeriya ɗai aka hana ba. Masu buga shi sun raba duniya kamar gonar gado. Turai da Amurka suka riƙe. Afirka duka suka ba wani kamfani, shi ke da izinin saidawa. Shi kuma kamfanin ya rufe, bai buga ko guda ba. Izinin yana nan a takarda, ba mai amfani da shi, ba mai iya taɓa shi. Ko Agadas ka tahi, ko gaba da can, in dai ba ka fita Afirka ba, wanga rubutu za ka gani.”

Ya ce shi ma yana fama da irin wannan. Akwai 'yan ƙasarsu da suka rubuta littattafai aka buga a Faransa, shi da ke sayar da littafi a garinsu bai taɓa riƙe su a hannu ba.

Nan take na gane, don na san irinsa. Baba ya sha ba mu labari. Kamfani zai zo ya kafa turakun siminti ya kewaye tudu guda, ya ce ya karɓi izinin wurin. Shekara goma ba zai haƙa ba. Amma in kai da aka haife ka a gindin tudun ka ɗebi ƙasa kwano ɗaya ka wanke a rafi, ɓarawo ne kai, ɗan sanda zai zo. To yanzu maganar Baba da fuskarsa aka kafa wa turaku.

Na tashi zan tafi, Mushe ya ce in zauna. Yana da ƙane a Faransa, Haruna, yana aiki a gidan abinci. Shi a can yake, katinsa na can ne, za a sayar masa. Ya kira shi. Haruna ya ce sai ranar hutunsa, jibi. Kwana biyun nan a zauren Alhaji Rabe na yi su da zazzaɓin allura. Na kira gida, matata Hauwa ta ba Inna waya. Ta ce, “An samu?” Na ce, “Jibi in sha Allahu, Inna.” Ta ce Allah ya yi min albarka. Da na san abin da ke gaba da ban sa rana ba.

Ranar ta zo, ina shagon Mushe tun kafin ya buɗe. Wajen hantsi Haruna ya turo saƙon murya: ya saya, amma littafin a kulle yake a cikin wayarsa, ba ya turuwa, sai dai ya ɗauki hoton shafi shafi. Mushe ya ce ba komai, ya nemo inda sunan Audu yake. Shafuka suka fara shigowa, Turanci zalla, sunan Baba nan da can. Mushe ya sa wayarsa ta juya layi ɗaya zuwa Hausa ya karanta min. Hausa ce, amma ba ta babanmu ba ce, bai taɓa magana haka ba. Na ce a bar wannan, hoton nake jira.

Sai ya shigo. Wani akwati ne mai ruwan toka, fili, ba komai a ciki sai ɗan rubutu ƙanana a tsakiya. A ƙasansa an rubuta Audu Hedima, Naraguta. Na ce wa Mushe bai gama buɗewa ba, a jira. Muka jira. Ya sa tabarau ya karanta ɗan rubutun, ya sake karantawa, bai dube ni ba. Ya ce an rubuta ba a sa hoton a wannan bugun na waya ba, saboda izinin hotunan na wani ne daban. Da Baturiyar ta mutu an kai kayanta wani gidan ajiya, hotunan sun zama nasu.

Haruna ya sake turo murya. “Yaya, duka hotunan haka suke. Na duba har ƙarshe. Ka ba baƙon haƙuri.”

Na fita na zauna a dakalin shago cikin rana. Ban yi kuka ba, ban kuma iya tashi ba. Mushe ya ɗora shayi ya kawo min, na sha duka ukun. Ya tura min shafukan a wayata, har da akwatin. Ya ce za a iya rubuta wa gidan ajiyar takarda, wata shida ko shekara suna iya amsawa. Na ce masa idon ba zai kai ba. Ya kwashe kofunan shayin.

Dawowa ba abin faɗa. Hanya ɗaya ce, zafi ɗaya ne. A boda siririn jami'in nan ya gane ni, ya ce, “Mai littahi! An dace?” Na girgiza kai, ya miƙo min katina bai ƙara tambaya ba. Daga Kano har Jos ina shirya yadda zan gaya wa Inna gaskiya. Na yanke zan nuna mata akwatin, in ce ga iyakar abin da suka bar mana.

Na iso bayan la'asar. Tana kan tabarma a tsakar gida, Hauwa na tsince mata shinkafa a gefe. Tun kafin in yi sallama ta ji takuna.

“Sale ne? An samu?”

Na durƙusa, na buɗe wayar na miƙa mata, ina neman ta inda zan fara. Ta karɓa da hannu biyu ta kai kusa da idon dama har tana taɓa gira. Ta daɗe a haka.

“Dubi yadda ya tsaya,” ta ce. “Ko a hoto babanku ba ya dariya.”

Hauwa ta leƙo ta kafaɗarta ta ga akwatin, ta ɗago ta dube ni. Na girgiza mata kai.

“Hular nan ce a kansa, mai ruwan ƙasa?”

Na ce, “Ita ce, Inna.”

“Na sani. Ita yake sawa in za a yi baƙo.” Ta shafa gilashin wayar da yatsa. “A wanke min shi babba, a rataye min a ɗaki inda zan riƙa gani.”

Ban sani ba ko idon ya riga ya tafi tun kafin in bar Jos ta ɓoye mana, ko kuwa ta gani sarai, ta ji muryata, ta rufa min asiri. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Ku da kuke shiga gaishe ta, duk wanda ya karanta wannan ya riƙe bakinsa. Ɗanjuma, har da kai, musamman kai.

Washegari da safe ban buɗe shago ba. Na tafi wurin mai wankin hoto a cikin gari, na miƙa masa wayar na ce ya wanke min babba. Ya duba, ya matsa gaba, ya dawo baya.

“Oga, ina hoton?”

Na ce, “Shi ne wannan. Wanke, ka sa masa gilashi.”